Kamfanin da ya ƙera babur ɗinka bai san nauyinka ba

Duk babur ɗin da ya fito daga kamfani, an saita shakazobansa ne don wani mutum da injiniyoyi suka ƙiyasta a takarda: mai matsakaicin nauyi, shi kaɗai a kan kujera, ba goyo, ba kaya. Ni dai ba shi ba ne, kuma da wuya a ce kai ne. Duk da haka sai ka ga babur ya daɗe a hannun mai shi, an canza taya, an canza sarƙa, har inji an sauke an mayar, amma zoben da ke matse sifirin ɗin baya yana nan daram inda kamfani ya bar shi, tsatsa ta ci bakinsa. Mai babur yana kukan ciwon baya, yana kukan babur ba ya shiga kwana yadda yake so, alhali maganin yana ƙarƙashin kujerarsa, kuma tef ɗin awo da sifana ɗaya sun isa a fara.

Damuwata da wannan magana ta wuce jin daɗin zama. Babban aikin shakazoba shi ne ya riƙe taya a manne da ƙasa. Birki, kwana, ba da wuta, duk ta ɗan wurin nan da roba ke taɓa kwalta suke bi. Idan taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne, a wannan lokacin ba ka da birki, ba ka da iko da kan babur. Shi ya sa ba na tare da masu cewa sai dai mutum ya zaɓa, ko laushi ko riƙe hanya. A titi mai gargada da faci da rami, babur ɗin da ke shanye bugu cikin natsuwa shi ne dai wanda tayarsa ke bin ƙasa. Baburan tsere suna da tauri ne saboda filinsu sumul yake, kuma birkin da ake kama musu ya fi ƙarfin na titi nesa ba kusa ba. Wanda ya kwaikwayi wannan taurin a kan hanyar yau da kullum, tsalle kawai ya saya wa tayarsa.

Kafin in taɓa kowane noti ina duba wasu abubuwa, domin sau da yawa laifin da ake ɗora wa shakazoba daga wani wuri yake. Iskar taya tukuna, kuma a auna ta taya tana da sanyi, a bi adadin da ke cikin littafin babur. Sai in shafa yatsa a sandunan gaba in ga ko mai yana tsatsafowa. Sai in ɗaga tayar gaba in juya kan babur hagu da dama, in ji ko boris ɗin wuya yana sarƙewa a tsakiya ko yana da wasa. Sai sarƙa. Mutane da yawa suna ɗaure sarƙa tamau don suna ganin hakan ne kula, ba su san cewa yayin da baya ke lotsawa sarƙa tana ƙara miƙewa ba. Idan ba a bar mata wasan da littafi ya faɗa ba, ita za ta hana shakazoba tafiya, ta kuma ci boris ɗin da ke bakin giya.

Abu biyu ne a cikin kowane shakazoba, kuma rikita su shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi. Akwai sifirin, wanda ke ɗaukar nauyi. Akwai mai, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi don ya rage wa sifirin gaggawa. Sifirin ne ke yanke hukuncin iya zurfin da babur zai lotsa, mai kuma shi ke yanke hukuncin saurin da zai lotsa da saurin da zai dawo. Haɗa su biyun a sandunan gaba tsohuwar dabara ce, tun 1935 kamfanin BMW ya fitar da babur R12 da irin wannan sanda mai shiga cikin juna da mai a ciki, kuma har yau ginshiƙin abin bai canza ba. Doka ta a nan ɗaya ce: a gama da sifirin kafin a waiwayi mai.

Gamawa da sifirin kuwa yana nufin auna lotsawa, wato nawa babur ke nutsewa idan ka hau. Mutumin da zai diro daga katanga ba ya sauka da gwiwa a miƙe, ba ya kuma sauka a tsugune ƙurmus. Yana ɗan lanƙwasa ta ne, yadda za ta iya ƙara lanƙwasuwa kuma za ta iya miƙewa. Shakazoba ma haka yake bukata: ya sami wurin shigewa idan taya ta hau tudu, ya sami wurin miƙewa idan taya ta faɗa rami. Wannan na biyun ne ake yawan mantawa da shi. Abin da aka saba nema shi ne nauyin mahayi ya cinye tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar shakazoba. Yawancin baburan titi suna da tafiyar da ta kai kimanin milimita 120 a gaba, a baya ma kusan haka, don haka lotsawar da ake so ba ta wuce milimita 30 zuwa 40. Baburan daji masu dogon shakazoba, waɗanda tafiyarsu ke kaiwa milimita 300, su kan nemi wajen milimita 100 a baya.

Awon yana bukatar mutum biyu bayan kai, ɗaya ya riƙe babur, ɗaya ya riƙe tef. Ina manna ɗan salatif a jikin babur daidai saman notin tsakiyar tayar baya, a tsaye sak, don kowane awo ya tashi daga wuri ɗaya. Awo na farko, tayar baya a sama ba ta taɓa ƙasa, shakazoba ya miƙe iyakarsa. Mai jak ɗin tsakiya ya huta, wanda ba shi da shi sai a jingina babur a kan jak ɗin gefe a ɗaga bayan. Awo na biyu, babur a tsaye da nauyin kansa kawai. Awo na uku, kai a kai, da hular kwano da takalmi da jakar da ka saba ratayawa, ƙafafu a kan matakai, zaune yadda kake zama idan kana tafiya. Mu ce na farko ya ba da milimita 500, na biyu 490, na uku 463. Lotsawar babur shi kaɗai 10 ke nan, lotsawarsa da kai 37. Irin wannan babur ba sai an taɓa shi ba.

Akwai wata 'yar dabara da nake ganin ta cancanci wahalarta. Sil, wato robar da ke hana mai fita, da bushin suna da kamu, suna iya riƙe shakazoba a wurin da bai kamata ya tsaya ba. Don haka kana zaune, mai taimako ya danna bayan ƙasa kaɗan ya sake shi a hankali, a auna. Ya kuma ɗaga shi sama kaɗan ya sake shi a hankali, a sake aunawa. Tsakiyar awon biyu shi ne na gaskiya. Tazarar da ke tsakaninsu ma labari ce: a baya bai kamata ta wuce 'yan milimita ba, idan ta doshi 10 to boris ɗin haɗin ƙarafan da ke ƙarƙashin shakazoba sun bushe, giris suke nema. A gaba tazarar ta fi yawa bisa ɗabi'a, kuma a can ana auna farin ƙarfen sandar ne da ke bayyane.

Idan lotsawa ta yi yawa sai a ƙara matse sifirin, idan ta yi kaɗan sai a sassauta. A nan ne nake yawan jayayya da abokan hawa, domin kusan kowa ya ɗauka matse sifirin yana ƙara masa tauri. Sifirin ɗin da ke bukatar kilo 9 kafin ya shige milimita ɗaya, kilo 9 zai ci gaba da nema a kowane milimita, ko ka matse zoben ko ka kwance shi. Abin da zoben ke canzawa shi ne tsayin da babur ke tsayawa da kuma wurin da shakazoba ke fara aiki a cikin tafiyarsa. Ƙanena ya taɓa kawo min nasa yana cewa, "Yaya, don Allah ka sassauta min bayan nan, ya yi tauri, duk ramin da na shiga sai na ji shi a ƙuguna." Muka auna, sai ga shi nauyinsa kaɗai ya cinye fiye da rabin tafiyar. Bugun da yake ji na shakazoba ne da ke kaiwa ƙarshe yana dukan robar tsayawa. Na ce masa, "Ai matsewa za mu yi." Bai so ba, amma da muka ɗaga zoben, babur ya dawo tsakiyar tafiyarsa, ya zagaya ya dawo yana cewa ya yi laushi. Sifirin ɗin nan dai shi ne, wurin aiki kawai aka ba shi.

Awo na biyu, na babur shi kaɗai, shi ke tona asirin ko sifirin ɗin ya dace da kai tun asali, kuma hukuncinsa yakan zo a juye da abin da mutum ke zato. Idan sai da ka matse zobe sosai kafin ka sami milimita 35 ɗinka, har ya zama in ka sauka babur ba ya lotsawa ko kaɗan, to sifirin ya yi maka laushi. Irin wannan babur idan ya wuce tudu sai shakazoba ya miƙe ya buga ƙarshensa na sama, bayan ya yi ta harbi. Idan kuma ka kwance zobe kusan duka kafin ka sami adadin, babur shi kaɗai yana nutsewa da yawa, to sifirin ya yi maka tauri. A baburan titi ana son bayan ya lotsa da kansa kamar milimita 5 zuwa 15. Wanda ya faɗa wajen wannan iyaka da nisa, canjin sifirin ne maganinsa, kuma ina ganin ya fi kowane kayan ƙawa da za a ɗaura wa babur amfani.

Masu ƙananan babura masu shakazoba biyu a baya kada su ce wannan zance ba nasu ba ne. Yawancinsu suna da zobe mai hawa-hawa, galibi hawa biyar, ana juya shi da sifana mai ƙugiya. Sharaɗi ɗaya ne, hagu da dama su kasance a hawa ɗaya. Kuma su ne ma suka fi bukatar juyawar, saboda a ƙaramin babur nauyin mutum na biyu babban kaso ne na duk abin da sifirin ke ɗauka. Duk ranar da zan goya uwargida, ko zan ɗaure kaya a baya, sai na ƙara hawa kafin mu tashi, in ƙara wa tayar baya iska gwargwadon abin da littafi ya rubuta na mutum biyu. In ba haka ba alamomin a fili suke: fitilar gaba ta koma haska saman bishiyoyi tana kashe wa masu tahowa ido, kan babur ya yi sakayau a hannu, a kwana kuma ya riƙa buɗewa yana neman gefen titi.

Dalilin buɗewar nan ya cancanci a fahimce shi. Sandunan gaba a karkace suke, a yawancin baburan titi kusurwar tana wajen digiri 24 zuwa 26. Idan baya ya zauna, karkatar ta ƙaru, babur ya yi nauyin juyawa, nauyin da ke kan tayar gaba kuma ya ragu. Idan baya ya ɗagu ko gaba ya sauka, juyawa ta yi sauri, amma in aka wuce gona da iri sai kan babur ya fara kaɗawa a gudu. Ke nan zoben sifirin yana taɓa yadda babur ke shiga kwana kai tsaye. Wannan ne ma ya sa nake jan kunnen masu zame sandunan gaba a cikin maƙallansu don ƙafarsu ta kai ƙasa: milimita 5 a wurin nan ana jin sa a hannu. Mai son rage tsayi ya rage gaba da baya tare, ya kuma tuna cewa jak ɗin gefe zai yi masa tsawo, cikin babur kuma ya matso kusa da ƙasa.

Sai mai. Ba kowane babur ke da wurin saita shi ba, wanda yake da shi zai ga ƙananan sukurori, wani lokaci da harafin H a gefe ɗaya da S a ɗaya gefen, wato wajen tauri da wajen laushi. Sukurun da ke saita saurin dawowa yawanci yana saman sandar gaba da gindin shakazoban baya, na shigewa kuma yana gindin sandar gaba da jikin 'yar tankin da ke maƙale da shakazoban baya. Wasu kamfanoni suna sauya wuraren, don haka littafi ne alƙali. Kafin komai, ka juya sukurun zuwa dama a hankali kana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa har ya tsaya, ka rubuta adadin, ka mayar da shi inda yake. Daga rufe ake ƙirgawa kullum. Kuma da ya tsaya ka tsaya, allura ce siririya a ciki, ƙarfi yana lalata bakinta.

Da na dawowa nake farawa, domin shi ya fi canza halin babur. A tsaye, in danna kujera da ƙarfi in saki. Ina so bayan ya taso cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya tsaya cak. Idan ya taso ya wuce ya sake komawa, man ya yi sako-sako, kuma a hanya za ka ji babur yana lilo bayan kowane tudu, yana rawa a doguwar kwana. Idan yana tasowa a kasalance, an rufe shi da yawa. Wannan na biyun ya fi yaudara. A gargada mai jere, shakazoba bai gama miƙewa daga bugun farko ba na biyu ya iso, sai ya ƙara shigewa, na uku ya ƙara tura shi, har ya taru a ƙasa inda babu sauran tafiya. Mahayi yana jin tauri, sai ya je ya sassauta sifirin ko sukurun shigewa, abin ya ƙara lalacewa, alhali buɗe na dawowa da ƙas biyu ya isa.

Na shigewa ya fi sauƙin ganewa. Idan ya yi laushi, gaba yana dulmiya da zarar ka kama birki. Idan ya yi tauri, kowane ɗan faci sai ka ji shi a wuyan hannu, taya kuma tana zamewa a kan ƙananan tuddai maimakon ta bi su. Ina ɗaura siririyar robar nan mai zarge da ake ɗaure wayoyi da ita a jikin sandar gaba, in tura ta ta jingina da sil, in yi tafiyata har da birki mai ƙarfi a wurin da ba kowa. Inda robar ta tsaya shi ne iyakar inda gaban ya kai. Ina so ya ci kusan duk tafiyarsa ya bar kamar milimita 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana. Wanda robarsa ba ta wuce rabi ba yana yawo da rabin shakazoban da ya biya kuɗinsa.

Wani abu da ya kamata a sani game da sukurorin nan: sun fi tasiri a kan motsin shakazoba na sannu, irin na birki da ba da wuta da kwanciya a kwana. Bugu mai kaifi, kamar bakin rami, wasu siraran faya-fayan ƙarfe ne a ciki ke lanƙwasawa su ba mai hanya, kuma waɗannan sai an buɗe ake canza su. Don haka akwai iyakar abin da sukuddireba zai iya. Wajen gwaji kuwa, abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, ƙas biyu, in bi hanyar da na riga na sani mai kwana da gargada da wurin birki, bayan na yi tafiyar da mai ya ɗumama. In rubuta abin da na ji kafin in sake taɓa wani abu. Wanda ya juya sukurori uku a tashi ɗaya, ko babur ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba.

Gaban da ba shi da sukuru ko ɗaya ma yana saituwa, sai dai ta ciki. Irin wannan sanda tana tura mai ne ta ramuka masu faɗi ɗaya da ba sa canzawa, kuma turjiyar irin wannan rami tana ninkuwa huɗu idan saurin ya ninku biyu. Shi ya sa take dulmiya a birki amma ta yi tauri a bakin rami. Kaurin mai yana canza halinta gaba ɗaya, yawan mai kuma yana canza ƙarshen tafiyarta, domin iskar da ta rage a saman mai ita ma sifirin ce, tana ƙara tauri yayin da ake matse ta. Ƙara tsayin mai da milimita 10 yana iya hana gaba bugun ƙarshe ba tare da ya taɓa laushin farko ba, amma sandunan biyu su zama daidai, kuma kada a wuce iyakar da littafi ya sa. A kula da lambar da ke jikin gora: 10W na wani kamfani ba lallai ya yi kauri ɗaya da 10W na wani ba, adadin kaurin mai da ake rubutawa da cSt a zafin digiri 40 shi ne abin kwatantawa. Sau da yawa ma ba sai an canza kauri ba. Man da ya daɗe yakan koma baƙi, ya tsinke, ya cika da garin ƙarfe, zuba sabo irin wanda kamfani ya ce kawai yana dawo da gaban hayyacinsa.

Shakazoban baya mai gas kuwa ba na buɗe shi a gida, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada. Akwai iskar naitirojin a matse a ciki da ƙarfin da ya ninka na taya sau da yawa. Idan ka ga jikinsa ya jiƙe da mai, ko ka rufe sukurun dawowa har ƙarshe amma bayan yana nan yana lilo kamar ba ka taɓa komai ba, to aikin saiti ya ƙare a nan. Wanda ake iya buɗewa a kai shi wurin bakaniken da ke da kayan cika masa gas ya canza mai da sil, wanda aka rufe shi ruf daga kamfani kuma a nemi sabo. In an ɗaura, a sake ɗauko tef a auna lotsawa daga farko, don sabon sifirin da wuya ya zauna inda tsohon ya zauna.